Kaya Sabo Fil, Injin Kuma Na Ɗaukar Zafi: Ina Matsalar Kombi Take?

[Hoto: bayan Kombi, an ɗaga murfin injin]

Assalamu alaikum jama'a. Ga ta nan, Kombi ta Volkswagen, motar da injinta ke zaune a baya, babu lagireto, babu ko ɗigon ruwa. Ƙorafin da ake ta kawo mini kwanan nan iri ɗaya ne: mutum ya zuba kuɗi, ya canza kaya sababbi fil, amma bai yi awa guda a kan titi ba injin ya ɗau zafi kamar tanda. Daga nan sai a yanke hukunci, wai injin da iska ke sanyayawa ba na ƙasar zafi ba ne. A yi haƙuri, wannan magana ba ta zauna ba. Motar nan ita aka fara kira danfo a Legas, ta yi shekaru tana jigila cikin cunkoso da rana. A Brazil kuma har 2005 ana ƙera ta da injin iska, kuma ba a san Brazil da ƙanƙara ba.

Tarihi a gurguje. An fara ƙera ta a Wolfsburg ta Jamus a 1950, aka mayar da aikin Hanover a 1956. Mai gilashin gaba rabe biyu ta kai 1967, sai mai faffaɗan gilashi guda ta karɓa. Yayarta a injin, wato Beetle, ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta Meziko a 2003, Kombi ta ƙarshe kuma daga Brazil a 2013. Da masana'anta ta daina buƙatar kayan injin iska, sai kasuwa ta koma hannun masu kwaikwayo. Wani ya kwaikwayi na asali, wani ya kwaikwayi na kwaikwayo, kowa na rage kauri yana rage farashi. Mu kuma masu saye, gaskiya ɗaya ce, farashi muke fara tambaya.

Yanzu ku matso, nan ne wurin da ake faɗuwa.

[Hoto: yatsa na bin gefen injin, inda roba ta zagaye shi]

Kun ga wannan baƙar robar da ta zagaye injin? Kun ga waɗannan gwangwanayen da suka lulluɓe shi? Yawancin mutane sun ɗauka ado ne, ko maganin ƙura. To su ne lagireton motar nan.

Wurin injin ɗaki biyu ne, sama da ƙasa. Iska mai sanyi na shigowa ta waɗannan kafofin na gefen mota, ta taru a ɗakin sama. Fanka tana bayan dainamo, fanbel ɗaya ke juya su. Ita ke zuƙo iskar, ta tura ta cikin wannan babban gidan fanka, ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda, ta kwashi zafi, ta fice ta ƙasa inda salansa take. Gwangwani da roba su ne bangon da ya raba ɗakunan biyu. In bangon ya sami kafa, fanka ba ta da wayon zaɓe. Iskar da ta gama gasuwa a ƙasa ita za ta sake zuƙowa ta hura wa injin. Haka za a yi ta zagaye, kowane zagaye ya fi na baya zafi.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zugazugi. In fatar ta huje, yaro zai yi ta zuga har gumi ya jiƙa shi, iskar kuwa ta gefe take tsiyayewa. To haka fankar nan take wahala a banza.

[Hoto: gwangwani biyu a kan tebur, tsoho baƙi da sabo mai ƙyalli]

Ga na asali, ya yi tsatsa, ba shi da kyan gani. Ga sabo, sai ɗaukar ido yake, har kana iya gyara hula a jikinsa. Ku duba da na ɗora su. Ramin noti bai hau kan rami ba. Bakin nan da ya kamata ya kwanta a jikin kan silinda ya ɗage, yatsana na shiga. Ku saurari ƙararsu ma. Wannan ƙarfe ne, wannan kuwa da ƙyar ya fi gwangwanin madara.

Ni ma na taɓa faɗawa, kada ku ce ina yi muku wa'azi. Na sayi irin wannan mai ƙyallin a wajen wani mai kayan gyara, na ba yaran gareji tsofaffin suka kai wa 'yan gwangwan. Tsohon bakaniken da nake zuwa wurinsa ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka sayar da doki ka sayi sirdi." Sai da na yi wata biyu ina neman irin abin da na zubar.

Cikin gidan fankar ma akwai magana. Na asali yana da 'yan fukafukai a ciki masu raba iska, wannan kaso ya tafi dama, wannan hagu. Wasu na kwaikwayo in ka leƙa fayau suke. Iska na shiga, amma ba mai nuna mata hanya.

Kuma wanda ke fara biyan bashin sananne ne, silinda ta uku, ta hagu daga ciki. A tsofaffin injina, abin sanyaya baƙin mai yana tsaye ne cikin gidan fanka daidai kan hanyar iskarta, saboda haka tun daga masana'anta iska mai ɗumi take samu. Sai a 1971 aka fitar da shi gefe aka yi masa nasa ɗan akurkin. Ka ƙara mata gwangwanin da bai zauna ba, sai bawul ɗinta na fitar hayaƙi ya gaji, kansa ya gutsure ya faɗa kan fistan. Ƙarar da za ka ji a ranar ba za ka manta da ita ba.

Akwai kafofi uku da ake mantawa, ku bi yatsana. Na farko, robobin da ke toshe ramin filogi. Na kwaikwayo kan bushe su tsage cikin ɗan lokaci, iska ta riƙa hucewa ta nan. Na biyu, waɗannan bututu biyu na gidan fanka da ke kai iska ga na'urar ɗumama cikin mota. A ƙasar zafi wa ke neman ɗumi? Sai a cire tiyon a bar baki buɗe. In za ka cire, toshe. Na uku ba ya ma ganuwa sai an kwance injin: wani ɗan faranti ne a ƙarƙashin kowace silinda biyu, shi ke tilasta wa iska ta naɗe ƙasan silinda kafin ta fita. Bai kai tafin hannu ba, shi ya sa yake yawan kwana a ƙasan tebur bayan an gama haɗa injin.

Sauran kayan bari mu bi su da gudu.

[Hoto: tiyon fetur, ana lanƙwasa shi]

Tiyon fetur. Wannan mai saƙar zare a baya yana ɓoye tsaga, ka lanƙwasa ka gani. Tankin motar nan yana dab da injin, kuma sama da inda tiyon ya bi, in ya fashe fetur zai yi ta zuba a kan ƙarfe mai zafi. Kombi da yawa wuta ce ajalinsu. Nan ba wurin neman araha ba ne. Famfon fetur na kwaikwayo kan turo mai fiye da kima, kafireta ta cika ta tumbatsa, a auna shi. Kwandansa, wato ɗan abin nan da ke taimaka wa wutar filogi, sabo kan mutu cikin mako, tsoho na asali kuma yana nan yana aiki, don haka ka ajiye tsohon a aljihun mota. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, injin na sanyi, kuma in ka ga ta uku kullum tana matsewa, saƙo take aiko maka. Jar fitilar dainamo ta kama kana tafiya? Tsaya nan take. Wataƙila fanbel ya tsinke, kuma in ya tsinke fanka ta tsaya.

A ganina, tsohon gwangwani na asali, ko ya lotse, a buga shi a miƙe, a kankare tsatsa, a shafa baƙin fenti, ya fi sabo na kwaikwayo nesa ba kusa ba. Roba ce kawai ba ta jure tsufa, ita dole a sayi sabuwa, a nemi mai laushi da kauri. In kuma dole sai ka sayi sabon gwangwani, kada tsohon ya bar gareji sai ka gwada su baki da baki.

[Hoto: dare, an tura tocila ƙarƙashin injin]

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Bari duhu ya yi, ka ajiye tocila a ƙasa tana haska sama, ka buɗe murfi ka leƙa. Duk inda haske ya ɓullo, iska mai zafi ma ta nan take ɓullowa. Bari mu ga tawa. Nan lafiya. Nan ma lafiya. Af, ga shi can a kusurwar hagu, robar ta zame daga mazauninta. Sani, miƙo mini sukundireba.