Sharhi: Ƙofar Tsibiri Ƙunci Gare Ta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan wasu fitattun mawaƙa ne da ajali ya riske su a tsibiran yankuna masu zafi. Mutuwa rigar kowa ce, amma kowace da sanadinta, kuma sanadin muke so mu duba. Irin waɗannan tsibirai babu hanyar mota da ke kai mutum cikinsu. Mai shiga da mai fita, ko ta sama ko ta ruwa, sau da yawa ma cikin ɗan ƙaramin jirgi. Inda ƙofa ke da ƙunci haka, ƙaramin kuskure ba ya samun wurin gyara.

Mu fara da Aaliyah, mawaƙiyar Amurka da aka haifa a Brooklyn a 1979, ta tashi a Detroit. Tana da shekara 15 ta fitar da kundinta na farko a 1994, na biyu a 1996, na uku a watan Yulin 2001. A tsakani ta fito a fim tare da Jet Li a shekarar 2000. A watan Agustan 2001 ta je tsibiran Abaco na ƙasar Bahamas ɗaukar bidiyon waƙa. An gama aiki da wuri, sai ayarin ya ce gara a koma Florida a yammacin 25 ga wata maimakon a kwana.

A nan ne gizo ke saƙar. Jirgin da ya kai su Cessna 404 ne, wanda ya zo ɗaukarsu kuwa ƙanensa ne, Cessna 402B, mai inji biyu. Iyakar nauyin da aka yarda irin wannan jirgi ya tashi da shi fam 6,300 ne, wato kusan kilo 2,860, kuma cikin wannan lissafi akwai gangar jirgin kansa, da mai, da mutane, da kaya. Bincike ya nuna an zarce iyakar da kusan fam 700, wajen kilo 320, sannan akwai fasinja guda fiye da adadin da aka amince.

Ga yadda aikin yake bisa ƙa'ida. Kafin a tayar da inji, matuƙi zai rubuta nauyin jirgi babu komai a ciki, ya ƙara na mai, kowace lita kimanin kilo 0.72, ya ƙara na kowane fasinja da kowace jaka. Jimilla kaɗai ba ta wadatar, sai ya ninka kowane nauyi da nisansa daga wani ma'auni da masana'anta suka tsayar a jikin jirgin, ya tara, ya raba da jimillar nauyi. Abin da ya fito shi ne cibiyar nauyi, kuma dole ta faɗa tsakanin iyakar gaba da ta baya. Duk wanda ya taɓa ganin an jibge wa amalanke buhuna a wutsiya ya san sakamakon: gaba ke ɗagawa. Haka jirgi yake. Idan nauyi ya rinjaya baya, hanci zai miƙe sama da zarar ƙafafu sun bar ƙasa, gudu ya ragu, fiffike ya daina riƙe iska, jirgi ya rikito. Zafi kuma na ƙara dagula lamarin, domin iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma sai da ƙarin gudu yake ɗagawa.

A jirgin Aaliyah cibiyar nauyin ta wuce iyakar baya. Ya faɗi kimanin mita 60 daga ƙarshen titin tashi na filin Marsh Harbour, mutum tara duka suka rasu, ita tana da shekara 22. Daga baya aka gano matuƙin ba ya cikin waɗanda aka amince su tuƙa wannan jirgi, kuma gwaji ya nuna burbushin hodar iblis da barasa a jikinsa. A ganinmu, ko da lafiyayyen matuƙi ne a kujerar, lissafin nauyin kaɗai ya isa a ce a sauke kaya ko a yi sawu biyu.

Wata takwas kafin wannan, ranar 18 ga Disamban 2000, mawaƙiyar Ingila Kirsty MacColl ta rasu a tsibirin Cozumel na Mekziko tana da shekara 41. Mace ce mai rubuta waƙoƙinta da kanta, kuma a wannan shekarar ta fitar da kundi mai ɗauke da salon kiɗan Kyuba da Barazil. Ta shiga nutso da 'ya'yanta maza biyu a yankin Chankanaab, inda aka taƙaita zirga-zirgar jiragen ruwa. Suna tasowa saman ruwa wani jirgi mai inji ya kutso da gudu. Ta ture ɗanta gefe, jirgin ya buge ta.

Masu koyar da nutso sun san lokacin fitowa na daga cikin mafi haɗari. A cikin ruwa sauti na tafiya fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, don haka mai nutso zai ji ƙarar inji amma kunnensa ba zai gaya masa ta ina take zuwa ba. Shi ya sa ake tsayawa minti uku a zurfin mita biyar, a saki doguwar balan-balan mai launin ruwan lemo ta riga mutum isa sama, jirgin rakiya kuma ya kafa tutar da ke nuna akwai mutane a ƙasa. Duk wannan ba ya amfani idan mai tuƙi ba ya kallon gabansa. Kotu ta yanke wa wani ma'aikacin jirgin da ya buge Kirsty ɗaurin shekara biyu da wata goma, aka mayar da hukuncin tarar peso 1,034. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana neman a sake shari'ar.

Masu sauraronmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san muryar Joe Dassin, wanda aka haifa a New York a 1938 amma ya yi suna da waƙoƙin Faransanci. Ciwon zuciya ya riga ya taɓa shi, ya tafi Tahiti hutawa, sai ya yanke jiki ya faɗi a wani gidan abinci a Papeete ranar 20 ga Agustan 1980, shi ma yana da shekara 41. Wani likita da ke wurin ya yi ta danna masa ƙirji, bai farfaɗo ba. Dannawar, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar zuwa shida, jini kawai take turawa ƙwaƙwalwa kafin a kawo na'urar da ke daidaita bugun zuciya da lantarki. Kowane minti da ya wuce babu na'urar, damar tsira na raguwa sosai.

Dukansu uku baƙi ne a inda suka cika. Cesária Évora kuwa 'yar gida ce. An haife ta a Mindelo, tsibirin São Vicente na Cape Verde, a 1941. Ta yi shekara da shekaru tana waƙar morna, wato salon waƙar gargajiyar ƙasarsu, a mashaya da bakin tashar ruwa, duniya ba ta san da ita ba sai da ta yi kundi a Faransa a 1988, tana da shekara 47. Ba takalmi take hawa dandamali, a kowane birni. Ta ci kyautar Grammy a 2004, ta ajiye waƙa a watan Satumban 2011 saboda rashin lafiya, ta rasu a asibitin garinsu ranar 17 ga Disamba tana da shekara 70. A shekarar da ta biyo baya aka sa wa filin jirgin saman tsibirin sunanta.