Kifin Baga, tattasan Diffa, da inda kuɗin yaƙin nan ke fitowa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, ƙannenmu matasa da ke can baya, sannunku da haƙuri. An ce in yi magana kan tsattsauran ra'ayi da kuɗin ta'addanci, toh ni ɓangaren aƙida zan taɓa shi sama-sama ne don akwai waɗanda suka fi ni a zaune a nan, kuɗin nake so mu tsaya a kai.

Malamai sun yi nasu tun kafin yaƙin ya ɓarke. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi wa Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, raddi a fili, aka harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi cikin Afrilun 2007. Sheikh Albani Zariya shi ma ya yi, aka kashe shi a Fabrairun 2014. Allah Ya jiƙansu. Hujja dai an kafa ta, kaset-kaset ɗin suna nan har yau a wayoyinku. Amma fa yaron da ya tafi markaz ɗin Yusuf a unguwar Railway a Maiduguri ba hujja kaɗai ya je nema ba, a can ana ba shi abinci, ana ba shi jari ya ja achaɓa ko ya kasa kaya, wani ma a yi masa aure da sadaki mai sauƙi, kai kuma da kake da gaskiya ka sallame shi da nasiha ya koma gida aljihu wayam. Binciken da ƙungiyar Mercy Corps ta fitar a 2016 bayan ta zanta da waɗanda suka baro ƙungiyar ya nuna haka, da yawa bashi aka fara ba su na sana'a, ranar da biya ya gagara sai a ce toh ka shigo cikinmu ko ka san sauran.

Kenan tun farko da kuɗi aka ɗaure mutane. Daga ina suke zuwa?

Mutanenmu suna son labarin jirgin sama ya sauke makamai da daddare, wasu manyan ƙasashe ne, kaza da kaza. Akwai kuɗin waje, ban musa ba. A 2019 kotu a Abu Dhabi ta ɗaure 'yan Najeriya 6 kan tura dala 782,000 daga Dubai zuwa ga Boko Haram tsakanin 2015 da 2016, biyu ɗaurin rai da rai, huɗu shekara goma-goma, Amurka ma ta sa musu takunkumi a Maris ɗin 2022. Akwai kuɗin fansa, kamar na iyalin nan Faransawa da aka sace kusa da Waza a Kamaru a 2013. A farkon lamarin kuma fasa bankuna suka dinga yi. Amma dan Allah ku lissafa, dala dubu ɗari bakwai da wani abu, wata nawa zata ciyar da dubban mayaƙa da matansu da 'ya'yansu, ga man babur, ga magani, ga harsashi? Abin da ke riƙe da su kullum yana nan gida, a bakin Tafkin Chadi.

Ku ɗauki kifi. Masunci ya shiga ruwa ta wajen Baga, tsibiran nan da ake kira tumbus ba gwamnati a cikinsu, bayan da ƙungiyar ta rabe a 2016 ɓangaren da ake kira ISWAP ne ya karɓe iko da yawancinsu. Kafin ya jefa koma ya biya kuɗin izini. Ya kama, ya yi banda, ya cusa a kwali, kowane kwali akwai abin da ake cira kafin ya bar ruwa. Makiyayi shi ma a ƙirga masa shanu a karɓa a ce zakka ce, har takarda ake ba shi kar wani ya sake tambayarsa, manomin da ya bi ruwa ya shuka wake ko masara shi ma haka. Wannan kwalin bandan shi zai hau mota zuwa Maiduguri, daga nan ya gangara har kasuwannin kudu, matar da ta saya ta sa a miya a Onitsha ba ta san komai ba kuma ba ta da laifin komai.

Da hukumomi suka gane haka sai suka ce a rufe. A Nijar a 2015 aka hana cinikin kifi da tattasai a jihar Diffa, aka hana hawa babur, aka taƙaita taki da mai, tattasan nan na bakin Komadugu da mutanen wajen ke kira jan zinare, wanda shi ne abincinsu shi ne suturarsu. A Borno a 2016 gwamnati ta dakatar da wasu kasuwannin shanu saboda dabbobin sata, sojoji kuma suka hana safarar kifi. Niyyar mai kyau ce, amma ku duba wa abin ya faɗa wa. Masunci da mai banda da ɗan dako da direba duk suka zauna, ɗan bindiga kuwa yana cikin ruwa abinsa, kayan ba su daina fita ba sai dai ta ɓarauniyar hanya da tsada, wanda ke da hanya da manya shi ya ci riba. Saurayin da ka hana sana'ar ubansa kuma ga wasu can suna cewa zo ka yi su a wajenmu ka biya kaɗan ba mai taɓa ka, me kake tsammani zai yi? Daga baya dole aka sassauta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan ta'adda ba ya zuwa kasuwa da kansa, akwai dillalin da ke sayar masa da shanu, akwai mai kai masa jarkokin mai da buhunan taki, akwai mai karɓar kuɗi a asusunsa ya cire ya miƙa, akwai na kan shingen da ya ga motar ya karɓi na goro ya ɗaga sanda. Waɗannan ba su da yawa kamar masunta, kuma suna da suna da lambar waya da lambar BVN. Su ya kamata a bi.

Doka kam akwai. A 2022 an sa hannu kan sabuwar dokar hana ta'addanci da kuma dokar hana halasta kuɗin haram, wadda ta ce mutum ɗaya kar ya yi cinikin tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10. Akwai hukumar NFIU mai bin sawun kuɗi, akwai GIABA, hukumar ECOWAS mai yaƙi da kuɗin haram, a Dakar. Duk da haka FATF, hukumar duniya mai sa ido kan kuɗin haram, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, sai Oktoban 2025 aka cire mu. Ni abin da ke damuna shi ne shari'a. A 2021 an ce an kama ɗaruruwan masu ɗaukar nauyi, a 2024 aka fitar da sunayen mutum 9 da kamfanoni 6, toh mu dai muna so mu ji alƙali ya yanke hukunci a fili kamar yadda aka yi a Abu Dhabi, mai laifi a ɗaure shi, mara laifi a sake shi ya koma kasuwarsa da mutuncinsa, don tsare ɗan canji shekara da shekaru ba shari'a shi ma wata ɓarakar ce da masu wa'azin daji ke amfani da ita.

Ku kuma 'yan POS da ke nan, na ga kuna da yawa, wannan naku ne. Wani ya zo ya ce ara min akawun ɗinka za'a turo min kuɗi in ba ka dubu biyar, ba ka san mai turowa ba, ba ka san na mene ne ba, wallahi ranar da aka bi sawu sunanka ne a takarda, shi ya daɗe da canza layi. Ka buɗe littafi, babban kuɗi in ya shigo ka rubuta suna da lamba da rana, ka ga katin shaida da idonka. Haka kwamitin masallaci, kuɗin taimako da ake tarawa bayan Juma'a a san wa ya karɓa, ina aka kai, a karanto wa jama'a duk wata, mutum biyu su sa hannu kafin a cire ko sisi.

Ana min alama lokaci ya tafi, maganar tubabbun da ake kaiwa Malam Sidi a Gombe da Gudumariya a Nijar da jarin da ake ba su in sun fito sai a wajen tambayoyi, na san Hajiya da ke gaba tana da magana a kai. A miƙa mata makirfon.