"Renew": Kalmar Turanci Mai Tafiya Da Wa'adi

Assalamu alaikum, jama'a. Ɗauki wayarka ka duba saƙonni. Da wuya ka rasa wanda ya shigo da asuba yana cewa datarka za ta ƙare gobe, ka danna lamba kaza "to renew". Kalmar da za mu warware yau ke nan: renew.

Mu fara da furuci. Baturen Ingila zai ce "rinyuu", na Amurka kuma "rinuu". Duka daidai ne, in dai ka ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu.

Guntaye biyu aka haɗa. "Re" daga harshen Latin yake, ma'anarsa a sake. "New" kuwa sabo. Mu ma haka muka yi: daga sabo muka samo sabunta. Kalmar ta bayyana a rubutun Turanci tun ƙarshen ƙarni na 14, an ƙera ta a kan samfurin kalmar Latin "renovare". Riƙe wannan renovare ɗin, za mu dawo kanta.

To, ga inda ake tuntuɓe. Sabunta ta Hausa tana da faɗi. Ana sabunta ginin masallaci, ana sabunta lasisi, ana sabunta zumunci, kuma ba wanda zai ce ka yi kuskure. Renew ba ta kai wannan faɗin ba a bakin mai Turanci na yau. Mafi yawan aikinta yana kan abin da aka yanka wa lokaci, lokacin ya cika, ana so a ƙara. Fasfon Najeriya, na shekara 5 ko na shekara 10, in ya ƙare, "I want to renew my passport". Lasisin tuƙi, na shekara 3 ko 5, haka. Hayar shago a kasuwa, kwantiragin ɗan ƙwallo da kulob ɗinsa, kuɗin kallon tashoshin tauraron ɗan'adam na wata, duk renew ne.

Misalin da na fi so shi ne na laburare. Ɗalibi ya ari littafi na mako biyu, bai gama ba, ya koma wurin ma'aikacin ya ce, "Please, I want to renew this book." Littafin nan tsoho ne, bangonsa ya yage, ga shatin kofin shayi a shafi na farko. An ba shi sabo? A'a. Ma'aikacin ya buga hatimi, ya rubuta wata rana. Ranar maidowa aka sabunta, littafin yana nan yadda yake. In ka gane wannan, ka gane rabin kalmar.

Daga nan aka samu "auto-renew", wato wa'adi ya sabunta kansa ba tare da an tambaye ka ba. Ni kaina na taɓa sa katin naira dubu don in kira gida, kafin in gama danna lamba kuɗin sun yi fiffike, wai an sabunta mini wani tsari da na manta na taɓa shiga. Tun ranar nake karanta saƙon har ƙarshe.

Ma'ana ta biyu ita ce a koma wa abin da ya lafa. Masu sauraron labarai da Turanci sun san "renewed fighting": faɗa ya kwanta, ya sake ɓarkewa. "Renewed calls" kuma kiraye-kiraye ne da aka yi a baya, aka yi shiru, aka sake ɗaga murya. Tsofaffin abokai da suka rabu tun makarantar firamare za su iya "renew their friendship". Ma'aurata a ƙasashen Turai da Amurka, bayan shekara 25 ko fiye, sukan tara mutane su "renew their vows", su maimaita alkawarin da suka yi ranar aure. Taken yaƙin neman zaɓen Shugaba Tinubu a 2023, "Renewed Hope", daga wannan ma'anar ya fito. Ko fatan ya sabunta, wannan ba aikin bidiyon nan ba ne.

Sunan aikin shi ne "renewal". Siffar kuma "renewable", kamar a "renewable energy": makamashin da tushensa ke mayar da kansa, irin hasken rana da iska da ruwan da ke juya injinan Kainji. Man fetur in aka ƙona shi ya tafi, rana kuwa gobe za ta sake fitowa. Kuma in ka ga "renewer" a littafin tarihi kusa da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Mujaddadi ake fassarawa, mai jaddada addini.

Yanzu mu koma kan renovare. Ta sake shiga Turanci a ƙarni na 16, a wannan karon da siffar "renovate", ta kama gini ta riƙe. Don haka in za ka canza kwanon rufi, ka yi fulasta, ka shafa fenti kafin a kawo amarya, kada ka ce "I will renew my house". Za a gane ka, amma kunne zai ji wani iri. Cewa za ka yi, "I will renovate my house." In hayar gidan ce ta ƙare, a nan renew ke shigowa: "I will renew the lease."

Sauran 'yan uwan a gurguje. Shafin intanet ya tsaya cak, "refresh". Batiri ko kuɗin kira ya ƙare, "recharge". Wayar da aka gyara aka sake sa wa a kwali, "refurbished". Tsohon abu mai daraja da ake so ya koma kamanninsa na asali, kamar ganuwar Kano, "restore".

Ga gwaji kafin mu rabu. Maƙwabcinka yana da shago a bakin titi. Hayarsa ta ƙare a ƙarshen wata, rufin yana yoyo, wayarsa kuma ba ko sisi. Kalmomi uku yake buƙata, kuma renew ɗaya ce kawai daga ciki. Tsayar da bidiyon ka gwada.

Ka gama? "He will renew the lease, renovate the shop and recharge his phone." Sai mun haɗu a darasi na gaba.