Taken Olamfik bai ce "wanda ya fi kowa" ba

Jama'a, salamu alaikum. Tun bayan gardamar da aka tafka a wani gidan kallo nan Birnin Kebbi, saƙonni suke ta shigowa: wai mene ne ainihin taken Olamfik, tunda kowane karo da sabon da ake ji?

Wannan mai sauƙi ne. Duk garin da ya karɓi baƙunci yana fito da nasa. Beijin a 2008 ta ce duniya ɗaya, buri ɗaya. A ƙwallo ma, Afirka ta Kudu a 2010 ta ce "Ke Nako", wato lokaci ya yi. Waɗannan ankon biki ne, ana watsewa an ninke.

Na dindindin shi ne wanda kuke gani yanzu. Citius, Altius, Fortius. Latinanci ne. Wani limamin coci Bafaranshe, Henri Didon, shi ya tsara shi, abokinsa Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da gasar Olamfik ta zamani, ya kai shi kwamitin Olamfik a 1894.

To, a nan ake yin tuntuɓe, ku saurara da kyau.

Mutane suna fassara shi da "mafi sauri, mafi tsayi, mafi ƙarfi". Ba haka kalmomin suka ce ba. Cewa suka yi a ƙara: ƙara sauri, ƙara sama, ƙara ƙarfi. Mu da muka tashi da kirarin 'yan dambe da 'yan kokawa, kunnenmu ya saba jin gwarzo yana cewa babu kamarsa, shi ya sa muka ɗauka wannan ma kirari ne. Alhali ko abokin karo ba a ambata a ciki ba. Ana iya zuwa na ƙarshe kuma a cika shi, matuƙar an wuce inda aka tsaya jiya.

Ku dubi misalin wani mutum da ya gama gudu yana ɗingishi. John Stephen Akhwari ne, ɗan Tanzaniya, a gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik ɗin Meziko, 1968. Ya faɗi, gwiwa ta goce, aka ɗaure masa ya ci gaba. Sai da wanda ya ci gasar ya yi fiye da awa guda da gamawa sannan ya shigo fili, duhu ya riga ya yi. Ni dai duk sanda na kalli hoton shigowarsa sai tsigar jikina ta tashi.

A Yulin 2021, a Tokiyo, ana tsakiyar korona, aka ƙara kalma ta huɗu: Communiter, wato tare. Ni na yi murna da ita, don mu mutanen Kabi ba baƙuwarmu ba ce. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi.

Ga Matan Fada nan, kogin da ake kamun kifin a cikinsa. Ku duba yadda masunta suke faɗawa ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da goransa.