Malami ɗaya, ƙananan hukumomi huɗu

Ku dubi yaron can da ke zaune a bayan aji. Shekararsa uku a firamare, har yau bai haɗa baƙi ba. Malami ya ce daƙiƙi ne, a gida an ce taurin kai ne. Babu wanda ya taɓa gwada kunnensa. Wataƙila rabin abin da ake faɗa kawai yake ji.

Akwai masu ilimin gane irin wannan: malamin maganar hannu, mai koyar da rubutun makafi, mai gwajin ji da gani, mai ba ɗalibai shawara. Jami'ar Bayero ma tana da sashen da ke horar da malaman ilimi na musamman. Matsalar ita ce makarantar ƙauye ba za ta iya riƙe ƙwararre ita kaɗai saboda yara biyu ko uku ba. Makarantu na musamman kuwa, irin ta Tudun Maliki a Kano, sun yi wa ɗan ƙauye nisa, kuma ba kowace uwa ce za ta yarda ta rabu da ɗan shekara bakwai ba. Ni ban ga laifinta ba.

To, ku tuna da injin casa. Ba kowane manomi ke da shi ba, amma da kaka yana zagaya gari gari, kowa ya samu. Haka wannan tsari yake. A ce hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Garki da Babura a jihar Jigawa sun yi karo-karo sun ɗauki ƙwararru kaɗan. Litinin suna nan, Talata suna can. Su gwada yara, su nuna wa malamin aji dabara, ko da ta dawo da yaro layin gaba ce ya riƙa kallon bakin malami, su zauna da iyaye, wanda ke buƙatar asibiti a tura shi.

Ba sabon abu ba ne. A jihar New York ta Amurka, tun 1948 doka ta ba ƙananan gundumomin makarantu damar yin irin wannan haɗin gwiwa, ana kiransa BOCES. A nan gida kuma, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin karatu.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin mai. Wa zai zuba wa babur? Wa zai biya albashi idan wata hukumar ta yi jinkirin kawo nata kason? Dole a rubuta wannan a takarda tun farko, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB) ta shaida. A kuma liƙa jadawalin ziyara a kowace makaranta, yadda kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) zai san ranar zuwan malam, ya tambaya idan bai zo ba, musamman da damina lokacin da hanya ke yankewa.