Kwantirolar da ke bin jikin mai wasa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, kuma tare da ni akwai Malam Nura, wanda ya daɗe yana gyaran na'urorin lantarki, da Aminu, wanda ke buga wasannin bidiyo tun yana ƙarami. Yau za mu tattauna a kan kayan da aka ƙera domin masu buƙata ta musamman su iya wasa a na'urorin wasan bidiyo na Xbox da PlayStation da Nintendo. Aminu, da kai zan fara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aminu: Na gode, Malama Hadiza. Ni dai haɗarin mota na yi, kuma tun daga lokacin yatsun hannuna na hagu ba sa damƙar komai. Ranar da na fara ɗaukar kwantirola, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasa, bayan na samu sauƙi, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba tsawon shekaru, wato wanda ya zana ta ya riga ya yanke hukunci cewa duk mai wasa yana da hannu biyu masu lafiya. Babban yatsan hagu ne ke tafiyar da ɗan wasa, na dama yana juya kallo tare da danna maɓallai huɗu, manuniya biyu suna kan maɓallan kafaɗa, sauran yatsun kuma suna riƙe da nauyin abin. Da hannu ɗaya ya tafi, sai rabin wasan ya tafi tare da shi. Na gwada kifa sandar hagu, wadda babban yatsa ke turawa, a kan cinyata ina motsa kwantirolar gaba ɗaya, kuma tana tafiya, amma kafin rabin awa wuyan hannuna ya ƙage.

Hadiza: Malam Nura, wannan matsalar ce kamfanin Microsoft, mai ƙera Xbox, ya ce ya zo ya magance a 2018. Mene ne ainihin abin da ya fitar?

Nura: Sunansa Xbox Adaptive Controller, kuma ya shiga kasuwa a watan Satumba na 2018 a kan dala 100. Duk wanda ya fara ganinsa yakan yi mamaki, domin faffaɗan allo ne fari, mai manyan maɓallai baƙaƙe guda biyu da za a iya bugawa da gwiwar hannu ko da ƙafa. Amma sirrinsa a bayansa yake. Akwai ramuka 19 a jere, irin ramin da ake jona abin sauraro na kunne, mai faɗin milimita 3.5, kuma kowane rami yana wakiltar aiki ɗaya na kwantirola ta yau da kullum. A gefe da gefe kuma akwai kafofin USB biyu inda ake jona sandar juyawa. Saboda haka ni ba na ɗaukarsa a matsayin kwantirola, na fi ɗaukarsa kamar reshen soket, wanda kowa zai zo ya jona abin da jikinsa ke iya taɓawa.

Hadiza: Me ya sa suka zaɓi wannan tsohon ramin, alhali duniya ta koma kan haɗi marar waya?

Nura: Wannan ne wayon da na fi yaba musu. Tun kafin wasannin bidiyo su waiwayi lamarin, masu ƙera kayan taimako ga masu nakasa sun daɗe da amfani da wannan ramin a maɓallan da ake jonawa ga na'urorin magana da kayan wasan yara. Maɓallin kansa ba shi da wata ƙwaƙwalwa a ciki. Waya biyu ce kawai, idan aka danna sai su haɗu, wuta ta wuce, na'ura ta gane an ba ta umarni. Don haka wanda ya riga ya mallaki maɓallin da yake dannawa da kumatu ko da gefen kai ba sai ya sayi sabo ba, kuma duk wanda ya iya liƙa waya da dalma zai iya haɗa nasa.

Hadiza: Bari in ƙara wani abu daga aikina na gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, domin mutane sukan tambaya me ya hana a ƙera kwantirola guda ta masu nakasa a huta. Dalilin shi ne lalurar ba iri ɗaya ba ce, kuma wani lokaci buƙatun kishiyoyin juna ne. Mai ciwon da ke raunana tsoka yana da saiti amma ba shi da ƙarfi, don haka yana son maɓalli ƙarami, kusa da yatsa, wanda taɓawa kaɗan ta ishe shi. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa gaɓɓai fizga yana da ƙarfi amma ba shi da saiti, don haka yana son maɓallai manya, masu nisa da juna, waɗanda za su jure duka. Idan aka ba kowannensu abin ɗan'uwansa, an cuce su duka biyun. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma nasa daban ne. Aminu, kai yaya ka tsara naka?

Aminu: A Xbox akwai wani tsari da ya fito a 2017 da sunan Copilot, wanda ke haɗa kwantirola biyu su zama kamar ɗaya. Hannuna na dama yana riƙe da kwantirola ta yau da kullum, ita kuma faffaɗar tana ƙasa, da maɓallai biyu da nake takawa. Sandar tafiya na ɗora ta a gefen kujera, ina tura ta da tudun hannun hagu, tunda kafaɗa da gwiwar hannun suna aiki. Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Na shafe mako guda ina matsar da maɓalli ɗaya. Idan na sa shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, sai in riƙa danna shi ba da niyya ba duk lokacin da wasa ya yi zafi, idan na matsar da shi gaba, sai in makara. Ga shi yana zamewa a kan daɓe, har sai da na manna shi a jikin katako. A ƙarshe na gane cewa da diddige ya kamata in taka na birki, da yatsa kuma na gudu.

Nura: Abin da Aminu ya bayyana shi ne ainihin aikin da wasu ƙungiyoyi suka daɗe suna yi. AbleGamers ta Amurka, wadda Mark Barlet ya kafa a 2004, da SpecialEffect ta Birtaniya, wadda Dokta Mick Donegan ya kafa a 2007, sukan zauna da mutum su duba wane sashe na jikinsa ke motsi bisa ganin damarsa, sannan su gina tsarin a kan wannan motsin. Da su da Warfighter Engaged, mai taimaka wa tsofaffin sojojin da suka ji rauni, da asibitin Craig na jihar Kolorado, Microsoft ya yi shawara. Har kwalin sai da aka sake wa fasali, aka yi masa madaukai da ake zura yatsa ko hannu a ja, saboda masu gwaji sun ce sun gaji da yage kwali da haƙori. Kuma kada a ɗauka a 2018 aka fara, domin tun ƙarshen shekarun 1980 Nintendo ya fitar da wata mai suna Hands Free, wadda ake ɗaurawa a ƙirji, a tura sandar da haɓa, a zuƙi iska ko a hura ta bututu a maimakon danna maɓalli.

Hadiza: Wannan dabarar ta zuƙa da hurawa tana nan har yanzu, ko ba haka ba?

Nura: Tana nan, kuma ta bunƙasa. QuadStick, wadda Fred Davison ya ƙera, ita ce aka fi sani a wurin waɗanda lakarsu ta samu rauni daga wuya, hannu da ƙafa duk ba sa motsi. Sanda ce da ake kamawa da baki, mai ramuka da ake zuƙa ko hurawa, da wani abu da ke jin motsin leɓe. Zuƙa mai ƙarfi umarni ce, mai taushi wata umarnin ce daban, kuma haɗa rami biyu a lokaci guda yana ba da wata. Rocky Stoutenburgh, wanda aka sani da RockyNoHands, da ita yake buga wasannin harbi kai tsaye a intanet, har ya shiga kundin bajinta na duniya na Guinness.

Hadiza: To, mu koma kan kamfanin Sony, mai ƙera PlayStation, wanda ya zo a makare.

Nura: Ya nuna nasa a watan Janairu na 2023 da sunan Project Leonardo, ya fitar da shi ranar 6 ga Disamba na shekarar a matsayin Access, a kan dala 90. Zagaye yake kamar faranti, maɓallai suna kewaye da shi, kuma ana cire marfin kowanne a sa mai faɗi ko mai lanƙwasa. Sandarsa ana iya matso da ita ko a nisanta ta, sannan ana ajiye shi ta kowace fuska. Ni ina ganin ya fi na Microsoft a abu guda, wato ana fitar da shi daga kwali a fara wasa nan take. Na Xbox kuwa, idan mutum bai sayi ƙarin kaya ba, maɓallai ƙalilan ne a gabansa. Wannan giɓin ne kamfanin Logitech ya cike a 2019 da wani ƙunshi mai maɓallai 12 a kan dala 100, sannan Microsoft ya biyo da ƙaramar sandarsa ta hannu ɗaya a 2025 a kan dala 30.

Aminu: Malam, a nan zan ɗan saɓa muku, da izininku. Access sanda ɗaya gare shi, alhali yawancin manyan wasannin yau sanda biyu suke nema, don haka mutane da dama sai sun sayi biyu ko sun haɗa shi da DualSense, wato kwantirolar PlayStation 5 ta yau da kullum. Na'urar ta yarda a haɗa Access biyu da DualSense ɗaya, wannan gaskiya ne, amma kuɗin ya ninka ke nan. Sannan ramukansa huɗu ne kacal. Ga wanda hannunsa ke iya yawo a kan farantin, huɗu sun isa. Ga wanda ke buƙatar a warwatsa maɓallai a kai da gwiwa da ƙafa, tazarar da ke tsakanin 4 da 19 ba ƙarama ba ce.

Nura: Na karɓi wannan gyaran.

Aminu: Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Mutum zai ɓata makonni yana daidaita tsarinsa, jikinsa ya saba, sai abokansa su koma wata na'urar, ya tarar kwantirolarsa ba ta aiki a can. Ta Xbox tana aiki a Xbox da kwamfuta mai Windows, Access an yi shi ne domin PlayStation 5, masu Nintendo Switch kuma suna da Hori Flex, wadda ta fito a Japan a 2020. Maɓallan waya suna ƙaura daga wannan zuwa wancan, amma uwar kwantirolar da ake jona su ba ta ƙaura. Mafitar da mutane suka samo ita ce 'yar na'urar tsakani da ke fassara saƙon wata kwantirola ga wata na'ura.

Nura: Kuma a nan ne lamarin ya cakuɗe, domin irin waɗannan na'urorin tsakani su ne masu maguɗi ke amfani da su a wasannin gasa, su sa bindiga ta daina girgiza ko maɓalli ya riƙa danna kansa. A watan Nuwamba na 2023 Microsoft ya fara toshe kayan da ba su da lasisinsa. Ya bayyana cewa duk abin da aka jona ta ramukan Adaptive Controller bai shiga ciki ba, amma wanda tsarinsa ya dogara da na'urar tsakani kai tsaye ya shiga zullumi. Ni ban ga laifin kamfani don ya yaƙi maguɗi ba, sai dai bai kamata laifin wani ya hau kan wanda ba shi da wata hanyar shiga wasan ba. Abin da zai raba gardama shi ne kamfanonin uku su amince da kwantirolar taimako ta junansu.

Hadiza: Akwai kuma abin da nake gani a wurin marasa lafiyata, wanda kwantirola ba ta iya gyarawa, wato gajiya. Idan wasa ya ce sai an danna maɓalli sau ashirin a jere kafin a buɗe ƙofa, ko sai an riƙe shi tsawon lokacin da ake gudu, to ko a ina aka ajiye maɓallin, mai raunin tsoka zai sare. Maganin wannan yana hannun masu rubuta wasan. The Last of Us Part II, wanda ya fito a 2020, ya zo da zaɓuɓɓukan sauƙaƙawa sama da 60, ciki har da mayar da dannawa a jere zuwa riƙewa, da mayar da riƙewa zuwa taɓawa sau ɗaya, kuma shi ya ci lambar yabo ta farko da The Game Awards ta ware wa wannan fanni a shekarar. Aminu, kana duba irin wannan kafin ka sayi wasa?

Aminu: Shi nake fara dubawa, tun kafin labarin wasan ko kyan hotonsa. Ina neman sanin ko ana iya sauya aikin kowane maɓalli a cikin wasan, da ko gudu da saiti suna da taɓawa ɗaya. Akwai wani wasan da na daɗe ina jira, na kai wurin da ake son a riƙe maɓallan kafaɗa biyu ana kuma juya sanduna biyu a lokaci guda, kuma babu inda za a sauya hakan. Na kira ƙanena ya riƙe kwantirola ta biyu ya danne mini maɓallan, ni kuma na juya sandunan, muka wuce wurin a cikin minti ɗaya, ya ajiye ya koma karatunsa.

Hadiza: A nan za mu dakata. Malam Nura, Aminu, na gode muku. Masu sauraro, a huta lafiya.