Madden NFL: Kukan Masu Wasa a Kasuwar da Babu Kishiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, kamfanin EA Sports na Amurka yana fitar da sabon Madden NFL, wasan gem ɗin da ke kwaikwayon gasar ƙwallon ƙafar Amurka. Miliyoyin mutane za su zaro kusan dala 70 su saya, kafin mako ya zagayo kuma intanet ta cika da ƙorafi. Maganar da za ka fi ji a bakin masu wasan ita ce an sauya wa tuwo suna: na bara ne aka canza masa hoton bango, aka sabunta sunayen 'yan wasa, aka sake miƙo musu a matsayin sabo. Na daɗe ina bibiyar wannan kuka, kuma a ganina masu yin sa suna da gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga wanda bai saba ba, abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba irin wadda Kano Pillars ke bugawa ba ce. Ta fi kama da zari-ruga. Ƙwallon tana da siffar gwanda, 'yan wasan ƙarti ne sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa, mutum 11 a kowane ɓangare. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kafin kowane yunƙuri sai an tsaya an ƙulla dabara, kamar masu dara a gindin bishiya. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, babbar gasar ƙasar, a kuma rufe kaka da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu. To wasan da ya ginu a kan lissafi irin wannan, in aka mayar da shi gem, kuskure kaɗan ba ya ɓuya.

Mutumin da wasan ke ɗauke da sunansa ya san haka tun farko. John Madden koci ne, shi ya jagoranci Oakland Raiders ta ci Super Bowl a watan Janairun 1977, daga baya ya koma sharhin wasanni a talabijin. A 1984 wanda ya kafa EA, Trip Hawkins, ya same shi a cikin jirgin ƙasa, don Madden ba ya hawa jirgin sama, ya kawo masa tayin a yi gem da sunansa. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, sai aka ce a rage 'yan wasa zuwa 6 ko 7 a kowane ɓangare. Madden ya ƙeƙasa ƙasa ya ce in ba 11 da 11 ba ne, ba ƙwallo ba ce, kuma ba zai sa sunansa ba. Wannan kafiya tasa na cikin abin da ya ja aikin har 1988 kafin wasan ya fito a kwamfutar Apple II. Shekara 4 aka yi ana jira don kada a sayar wa mutane ungulu da kan zabo.

Yanzu mu saurari abin da masu wasan ke faɗa. Suna ɗora gajerun bidiyo a YouTube da Reddit, kuma gani ya kori ji. Za ka ga mai jefa ƙwallo ya hango abokinsa shi kaɗai a fili, ya auna ya jefa daidai. Mai tsaron baya na gudu ya juya wa ƙwallon ƙeya, bai ko waiwayo ba, sai kawai ya daka tsalle ya cafe ta kamar yana da ido a bayan kai. A wani bidiyon, ƙaton da aikinsa ke nan ya tare hanya zai tsaya ƙiƙam, abokin gaba ya wuce ta gefen kafaɗarsa ya kayar da mai jefawa. Abin da ya fi ci musu rai shi ne lokacin da 'yan wasa biyu suka haɗu, sai na'ura ta ƙwace ragama: kana danna madanni da dukkan ƙarfinka, amma an riga an zaɓi yadda karon zai ƙare daga cikin motsin da aka ɗauka aka adana. Mutum ya ƙulla dabararsa daidai, ya karanci abokin karawarsa daidai, ya sha kashi ba don an fi shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san zafin wannan.

Su ma 'yan wasan NFL na gaske suna da nasu ƙorafin, sai dai nasu a kan maki ne. Wasan yana auna kowa, mafi girma 99, kuma a 2019 Keenan Allen na Los Angeles Chargers ya fito a bidiyo ya ce ba zai buga Madden na shekarar ba saboda makin da aka ba shi. Wannan kam rigimar cikin gida ce, talla ma take ƙara wa wasan.

Kukan da ya fi nauyi na masu son sashen da ake kira Franchise ne. A nan mutum ke riƙe ƙungiya guda shekara da shekaru: ya ɗauko matasa daga jami'a, ya yi cinikin 'yan wasa, ya lissafa albashi, ya raini yaron da ba wanda ya sani har ya zama tauraro. Abokai har 32 kan haɗu ta intanet, kowa da ƙungiyarsa, su sa ranar wasa kowane mako, wasu tun suna makaranta har sun yi aure sun haifi 'ya'ya suna tare. Waɗannan su ne tsofaffin kwastomomi, kuma su ne suka ce an mayar da su saniyar ware.

Dalilin da suke bayarwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 2010 aka shigo da sashen Ultimate Team, inda mutum ke tara katunan 'yan wasa ya haɗa ƙungiya, kuma yana iya sayen ƙunshin katunan da kuɗi na gaske ba tare da ya san wa zai samu a ciki ba. Mai Franchise sau ɗaya yake biya a shekara. Mai Ultimate Team kuwa yana iya biya kowane mako, in sabuwar shekara ta zo kuma ya faro daga tushe. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a gaya masa wace rumfa zai fi sharewa.

Amma tushen maganar yana 2004. A shekarar, Madden yana da kishiya mai ƙarfi, ESPN NFL 2K5, wanda kamfanin Visual Concepts ya ƙera, Sega ta fitar. A watan Yuli aka sa shi kasuwa a kan dala 19.99, alhali Madden yana dala 49.99. Kuma ba araha ce kawai ba. In an tafi hutun rabin lokaci, sai mai sharhin tashar wasanni ta ESPN, Chris Berman, ya fito yana nuno maka wuraren da suka ƙayatar a wasan da kai ɗin nan ka buga yanzu, kamar a talabijin. Dole EA ta sauko da farashinta zuwa kusan dala 30. Madden na waccan shekarar, mai hoton ɗan wasa Ray Lewis a bango, shi ne ya zo da dabarar kai karo da ɗan madannin juyawa da ke ƙarƙashin babban yatsan mai riƙe da na'urar, kuma har gobe ana sa shi cikin mafi kyau da aka taɓa yi. Kishi ya sa kowa ya zage damtse, mai saye ya ci riba ta ko'ina.

Watanni 5 bayan haka, a Disamban 2004, aka sanar cewa EA ta ƙulla yarjejeniya da NFL da ƙungiyar 'yan wasanta: na tsawon shekara 5, ba wani kamfani da zai yi irin wannan gem da sunayen ƙungiyoyi da filaye da 'yan wasan gasar sai ita. Daga nan aka yi ta sabuntawa. Kamfanin 2K, wanda masu ƙera NFL 2K5 suka koma ƙarƙashinsa, ya gwada a 2007 da All-Pro Football 2K8, ya tara tsofaffin taurarin da suka yi ritaya, amma ba Dallas Cowboys, ba Green Bay Packers, sai kasuwa ta ƙi. Masu saye sun kai ƙara kotu suna zargin an kashe gasa an tsauwala farashi, aka sasanta a 2012 a kan dala miliyan 27. Yarjejeniyar NFL kuwa ko gezau.

A 2020 tura ta kai bango. Da aka bayyana abin da aka tanadar wa Franchise a Madden NFL 21, masu wasan suka ga bai taka kara ya karya ba, sai maudu'in #FixMaddenFranchise, wato a gyara Franchise, ya mamaye Twitter, har sai da wani babban jami'in wasan ya fito a bidiyo ya yi alkawarin gyara. Da wasan ya fito a Agusta, aka koma #NFLDropEA, ana roƙon NFL ta raba gari da kamfanin. A shafin Metacritic mai tattara makin da ake ba wasanni, makin da jama'a suka ba shi ya faɗi har 0.2 cikin 10. Sai dai ihu ne bayan hari, domin tun a watan Mayun shekarar masu ƙungiyoyin NFL sun amince da sabunta yarjejeniyar, a kan kuɗin da kafofin labarai suka ce ya kai dala biliyan 1.5.

A nan sai in yi adalci. Maki 0.2 ba awon ingancin wasan ba ne, zanga-zanga ce. Masu sharhin da aikinsu ke nan sun ba shi sama da 60 cikin 100, wato ba yabo ba fallasa. Haka kuma ba na ɗora laifin a kan ma'aikatan da ke zaune a Orlando ta jihar Florida suna rubuta manhajar. Ƙasa da wata 12 ake ba su, su kwaikwayi jikin mutum 22 da ke karo a lokaci guda, kuma dole kaya su fito kafin a buɗe kaka a Satumba, sun nuna ko ba su nuna ba. An kuma yi wasu gyare-gyare bayan hayaniyar, kamar ɗaukar mataimakan koci da sabon tsarin farautar matasa a Madden 22. Amma a duba da kyau: sai da aka yi zanga-zanga kafin a samu abin da a 2004 tsoron kishiya kaɗai ke kawowa.

Akwai ranar da masu Franchise ba za su manta ba. Ranar 28 ga Disamban 2022, shekara guda cif da rasuwar John Madden yana da shekara 85, a kuma wasan da ke ɗauke da hotonsa a bango don girmamawa, aka samu matsala a rumbun adana bayanai. Waɗanda suka shiga gasarsu ta intanet a cikin 'yan sa'o'in nan, ajiyarsu ta lalace. Kamfanin da kansa ya ce kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa ba za a iya dawo musu da ita ba, ya ba su rangwamen rabin kuɗi a wasan shekara mai zuwa. Ka ƙaddara abokai 32 da suka kai kaka ta 10, kowa ya san tarihin kowane ɗan wasansa, an wayi gari babu ko ɗaya. Rabin kuɗi ba ya mayar da wannan. Tsautsayi na iya faɗa wa kowane kamfani, gaskiya ne, amma a ko'ina mai saye in ransa ya ɓaci yakan juya ya shiga shagon gaba. Su waɗannan ba su da shagon gaba.

Abin da ke ƙara tabbatar min cewa iyawa ba ita ce matsalar ba shi ne College Football 25, gem ɗin ƙwallon jami'o'i da ya fito a Yulin 2024, bayan shekara 11 ba a yi irinsa ba saboda shari'ar amfani da kamannin ɗalibai ba tare da biyansu ba. Wannan karon an biya kowane ɗan wasa dala 600 da kwafin wasan. Kamfani ɗaya ne, gari ɗaya, amma an ɗauki shekaru ana aikin, kuma akwai buƙatar a sake shawo kan mutane. Aka karɓe shi hannu bibbiyu, ya shiga sahun wasannin da aka fi saye a Amurka a shekarar, masu Madden da dama suka koma can suna tambayar me ya hana a yi musu haka.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da ƙwallon da ba ma bugawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. EA ɗin nan ita ce mai FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, kuma da shi Ultimate Team a ciki. Waɗanda suka yi zaman shagon gem a Kano ko Zinder za su tuna musun 'yan PES da 'yan FIFA, lokacin da Konami mai gem ɗin PES ba ta da lasisin wasu sunaye, ana buga Man Red da Man Blue a maimakon ƙungiyoyin Manchester, amma yara na layi don daɗin bugawar. Wancan musun shi ya riƙa tilasta wa kamfanonin biyu gyara.

Don haka ni NFL nake kallo. Sunaye da tambura nata ne, ita ta zaɓi ta sayar wa mutum ɗaya, ita ce kuma za ta iya buɗe ƙofa, kamar yadda gasar kwando ta NBA ta daɗe tana barin kamfani fiye da ɗaya ya gwada sa'arsa. A 2020 ta ba 2K izinin yin wasanni, amma da sharaɗin kada su zama masu kwaikwayon ƙwallon ta gaske, wato an ba shi rumfa an hana shi kasa kayan da ake nema.

Har yanzu akwai mutanen da ke kunna ESPN NFL 2K5 a kwamfuta, fiye da shekara 20 da fitowarsa. Duk kaka sai su zauna, ba wanda ke biyansu ko sisi, su shigar da sunayen sababbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, su sake zana riguna da filaye, su raba wa junansu kyauta.

Sai kuma wani jiƙon, a huta lafiya.